Daga Iqaluit zuwa Nuuk: kilomita nawa ne ta sama, kuma me ya sa tikiti ke nuna kwana guda?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Katsina, shekarata biyu ke nan ina aiki a Iqaluit, can arewacin Kanada. Hutuna ya kusa, kuma ina sha'awar ganin Nuuk, babban birnin Girinlan, domin abokan aikina Inuwit kullum cewa suke 'yan'uwansu ne a tsallaken ruwa. Na nemi nisan, wani wuri ya ce 825, wani 513, wani 445. A taswirar wayata kuwa tazarar ta yi mini kamar daga Kano zuwa cikin Sudan. Da na nemi tikiti sai aka nuna mini tafiyar fiye da awa ashirin ta wajen Turai. Don Allah wanne ne gaskiya? Fasfon Najeriya nake riƙe da shi."

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da ladan jinya, ya sauƙaƙa sanyi. Abin da kike son sani, in na fahimce ki, shi ne ainihin tazarar filayen jirgin nan biyu, da dalilin da ya sa lambobi da taswira da tikiti kowa ya kama gabansa. Na daɗe ina aikin tsara tafiyar jirgi kafin ya tashi, wato fitar da hanya, lissafin mai da nauyi, da karanta yanayi, don haka zan amsa miki daga teburin da nake zama.

Lambobin nan uku duk gaskiya suka faɗa miki, mudun awon ne ya bambanta. Tsakanin filin jirgin Iqaluit da na Nuuk kimanin kilomita 825 ne. In an auna da mil na ƙasa, wanda yake mita 1,609, sai a samu 513. In an auna da mil na teku, wanda matuƙan jirgin sama da na ruwa ke aiki da shi, mita 1,852, sai a samu 445. Don ki ji nauyin abin a jiki: daga Kano zuwa Legas ta sama kimanin kilomita 835 ne. Ke nan Nuuk ta fi kusa da ke kaɗan a kan yadda Legas take da mutumin Kano.

## Yadda za ki fitar da lambar da kanki

Ki ɗauki kabewa ki duba layukan da ke jikinta. A tsakiyar cikinta sun buɗe, suna hawa sama suna matsewa har su haɗu a wajen kara. Haka layukan longitud suke a jikin duniya. A kan ikwaita, tsakanin layi da layi, wato digiri guda, kimanin kilomita 111 ne. A Kano, da take digiri 12 arewa, ya ragu zuwa 109. A inda kike, kusan digiri 64 arewa, digiri guda bai cika kilomita 49 ba. Can arewa da ku, a Resolute, ya koma kamar 29.

Digiri guda ana raba shi minti 60. Filin jirgin Iqaluit yana digiri 63 da minti 45 arewa, digiri 68 da minti 33 yamma. Na Nuuk yana digiri 64 da minti 11 arewa, digiri 51 da minti 41 yamma. Bambancin gabas da yamma ya kama digiri 16.87. Ki ninka da kilomita 48.8, za ki samu 823 da ɗoriya. Bambancin kudu da arewa kuwa minti 26 ne kacal, kuma minti guda na latitud, wato awon kudu da arewa, shi ne mil na teku guda, asalin ma'aunin ke nan, don haka kilomita 48. In kika haɗa su da ƙa'idar nan ta alwatika da aka koya mana a sakandare, amsar ta tsaya a 825. Wannan gajeriyar hanya tana aiki ne saboda garuruwan biyu kusan a jere suke kuma tazarar ba ta da yawa. Kada ki yi amfani da ita wajen auna Iqaluit zuwa Kano, za ta ɓatar da ke sosai.

In kin ga wani shafi ya ce 822 wani ya ce 827, kada ki damu. Wasu suna ɗaukar duniya kamar ƙwallo mai zagaye cif, wasu suna lura da cewa ta ɗan kumbura a tsakiya ta baje a sama da ƙasa, wasu kuma daga tsakiyar gari suke aunawa maimakon filin jirgi.

## Idonki bai yi ƙarya ba, taswirar ce

Na ji daɗin misalin Sudan da kika kawo, domin ya faɗa daidai. Yawancin taswirorin waya suna bin tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a 1569. A wannan tsari an miƙar da layukan kabewar nan sun tsaya a jere kamar sandunan darni, ba sa haɗuwa ko'ina. Saboda haka digiri 17 a Iqaluit da digiri 17 a Kano faɗinsu ɗaya a fuskar waya. To, in kika tashi daga Kano kika yi gabas digiri 17, a Al-Fashir ta Darfur za ki tsaya, kimanin kilomita 1,830. Abin da kika gani ke nan. A digiri 64, taswirar tana ƙara wa kowace tazara fiye da ninki biyu. Ita ce kuma take nuna Girinlan kamar ta yi kafaɗa da Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14, kuma Aljeriya kaɗai ta fi ta faɗin ƙasa.

Akwai wani abu kuma da taswirar ke ɓoyewa. Hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu ita ce wadda zare zai bi in kika miƙe shi tsam a bayan ƙwarya daga wuri zuwa wuri. A kan shimfiɗaɗɗiyar taswira wannan hanya tana fitowa a lanƙwashe kamar baka, ta karkata wajen arewa. Jirgin da ya bi ta daga Iqaluit zai tashi yana fuskantar digiri 79, wato gabas da ɗan karkata arewa, ya iso Nuuk yana fuskantar digiri 94, gabas da ɗan karkata kudu, ba tare da ya bar miƙaƙƙiyar hanya ba. A gajeriyar tafiya irin wannan ribar ba ta wuce kilomita biyu ko uku ba, amma a doguwar tafiya babba ce. Shi ya sa jiragen da ke tashi daga Turai zuwa yammacin Amurka suke ratsawa ta saman kanku.

Ke ma kina aiki da wannan ƙa'ida sau biyar a rana. A taswirar waya Makka tana kudu maso gabas da Iqaluit, amma alƙiblarku tana wajen digiri 64, gabas mai karkata arewa. Zaren ƙwaryar nan ne ya ba da ita. Sai dai ki yi hattara da kamfas mai allura: a yankinku allurar ta kauce wa arewa ta gaskiya da fiye da digiri 20 zuwa yamma, kuma can gaba da ku allurar ba ta da tabbas har ta kai ana tsara hanyoyin jirage da arewa ta gaskiya kawai.

## Nisan da ni nake lissafawa

In aka ajiye mini wannan tafiya a kan tebur, 825 ita ce lambar da zan fara rubutawa, amma ba ita za ta tsaida yawan man da za a zuba ba, kuma ba ita za ta ce jirgin ya tashi ko ya zauna ba.

Da farko akwai iska. Jirgin kai tsaye na wannan hanya, wanda zan yi bayaninsa a gaba, Dash 8-200 ne, mai farfela biyu da kujeru 37. Mu ce yana gudun mil na teku 270 a awa. In iska ta kwanta, mil 445 zai ci minti 99. In iska mai gudun 40 tana tura shi ta baya, minti 86. In ita ce yake fuskanta, minti 116. Rabin awa ke nan tsakanin zuwa da dawowa a kan hanya guda, kuma a can sama iskar ta fi yawan busowa daga yamma, don haka dawowarki ce za ta fi tsawo. Ki ƙara lokacin hawa da sauka da tafiya a ƙasa, shi ya sa ake rubuta kimanin awa biyu.

Sai kuma ruwa. Bayan jirgi ya bar gaɓar tsibirin Baffin, inda Iqaluit take, mashigin Davis ne a ƙarƙashinsa har gaɓar Girinlan, babu inda zai sa ƙafa. Saboda haka muna fitar wa matuƙi wani wuri a kan hanya inda ci gaba da komawa baya lokacinsu ɗaya. Mutane suna zaton tsakiyar hanya ne, mil 222. A misalin da na bayar, mai iskar 40 ta baya, wurin yana mil 190 daga Iqaluit, domin wanda ya juya zai fuskanci iskar da take tura shi ɗazu. In fasinja ya faɗi ciwo ko inji ya ba da matsala, wannan lambar matuƙi zai duba. Ke da kike aikin jinya a inda ake ɗauko marasa lafiya da jirgi daga ƙauyuka kin san darajar minti goma.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne filin da za a karkata in wanda aka nufa ya rufe. Doka ta ce jirgi ya ɗauki man da zai kai shi inda za shi, da ƙarin kashi 5 cikin 100 don abin da ba a zata ba, da wanda zai kai shi wani fili na dabam, da na ajiyar ƙarshe na minti 30 zuwa 45 gwargwadon dokar ƙasa da nau'in jirgi. Ina tuna wata safiyar Janairu da hazon hunturu ya rufe Kano, ganin ido ya sauka ƙasa da abin da doka ta yarda a sauka da shi. Jirginmu da ya taso daga Legas ya kewaya na ɗan lokaci, hazon bai ɗaga ba, na yi magana da matuƙi ya juya Abuja. Fasinjoji sun ji haushi, amma ni hankalina kwance yake, domin Katsina da Kaduna da Abuja duk suna kewaye da shi, mafi nisansu kilomita 365.

A wajenku babu wannan yalwar. Nuuk tana bakin teku, duwatsu sun kewaye ta, hazo da iska mai ratsa titin sauka ba baƙinta ba ne. Filin da aka fi dogara da shi in ta rufe shi ne Kangerlussuaq, kimanin kilomita 320 arewa da ita. Sojojin Amurka ne suka gina shi a 1941, a can ƙuryar wani dogon mashigin ruwa nesa da gaɓa, inda sama ta fi zama garau. To, tafiyar 825 ta zama 1,145 a takardata kafin in ƙara na ajiya. Dawowa ta fi wuya. In Iqaluit ta rufe da guguwar ƙanƙara, Kimmirut da Pangnirtung suna kusa, amma titinsu na tsakuwa ne kuma gajere, na Pangnirtung ma a tsakiyar gari yake tsakanin duwatsu. Babban filin da zan natsu da shi, Kuujjuaq, yana kilomita 630 kudu. Lissafin ya haura 1,450. Ƙaramin jirgi yana da iyakar nauyin da zai tashi da shi, don haka duk kilon man da aka ƙara, kilon kaya ne ko na fasinja ya sauka. In wata rana aka ce miki jakarki za ta biyo baya, ko an bar kujeru babu kowa alhali mutane na jira, sau da yawa daga nan abin ya taso.

Titin Iqaluit kansa dogo ne, kimanin mita 2,620, shi ma Amurkawa suka fara shi a 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu. Shi ne mafakar manyan jiragen da ke ratsa arewa. A Fabrairun 2017 wani Boeing 777 da ya taso daga Zurik zai je Los Anjelis ya sauka a can bayan injinsa guda ya mutu. Kamfanin Airbus ma ya kai A380 can a 2006 don gwada shi a tsananin sanyi. Wato ku ne madogarar wasu, amma ku taku madogarar tana da nisa.

## Abin da ya kai tikitinki Turai

Wannan ɓangaren ba na lissafi ba ne, na tarihi ne da kasuwa. Iqaluit mutanenta ba su kai dubu takwas ba, Nuuk kimanin dubu ashirin, kuma babu titin mota da ya haɗa ɗayansu da wani gari. Kowanne an ɗaure shi da inda mulki da kaya da magani suke fitowa: Iqaluit tana kallon Otawa, kilomita 2,090 kudu, Nuuk tana kallon Kopenhagen, kilomita 3,540 gabas. Abin da abokan aikinki suka faɗa gaskiya ne. Inuktitut na Inuwit ɗin Iqaluit da Kalaallisut na Girinlan harsuna ne 'yan gida ɗaya, garuruwan biyu sun haɗu sun karɓi baƙuncin wasannin hunturu na yankin Aktik a 2002, kuma a 2016 da aka yi wasannin a Nuuk, a Iqaluit aka buga hoki na ƙanƙara. Duk da haka hanyar da ke tsakaninsu buɗewa take tana rufewa. An yi jigila tsakanin Iqaluit da Kangerlussuaq har 2001 aka daina. Kamfanin jirgin sama na Air Greenland ya gwada Nuuk zuwa Iqaluit a bazarar 2012 zuwa 2014, fasinja bai ishe shi ba ya tsaya. Wannan abu yana taɓa ni, domin Bahaushe ya san ciwon a ce ɗan'uwanka yana tsallaken iyaka, amma sai ka bi ta babban birnin wata ƙasa kafin ka kai gare shi.

In babu jirgin kai tsaye, ga abin da injin neman tikiti zai ɗinka miki: Iqaluit zuwa Otawa 2,090, Otawa zuwa Toronto 360, Toronto zuwa Keflavik ta Aislan 4,180, Keflavik zuwa Nuuk 1,400. Jimla ta haura kilomita 8,000, kusan ninki goma na ainihin tazarar. Ta Kopenhagen kuwa ta wuce 12,000. Ki haɗa da zaman jira a filayen jirgi, awa ashirin da kika gani ma ta yi sauƙi.

Albishir ɗin shi ne ranar 26 ga Yunin 2024 Air Greenland ya sake buɗe hanyar tare da haɗin gwiwar kamfanin Canadian North, sau ɗaya a mako, daga bazara zuwa Oktoba. Ranar 28 ga Nuwamban shekarar kuma aka buɗe sabon titin Nuuk mai mita 2,200, a madadin tsohon mai mita 950 wanda manyan jirage ba sa iya sauka a kansa. In kin nemi tikiti a ranar da jirgin ba ya tashi, ko a watannin da ba a jigilar, dole a nuna miki zagaye. Jadawali irin wannan shekara-shekara ake sabunta shi, kuma lissafina ba zai maye gurbinsa ba. Ki shiga shafin kamfanonin biyu da kanki, ko ki leƙa teburinsu a filin jirgin, tunda a cikin gari yake, ki tambayi ranakun bana kafin ki cike takardar hutu.

## Agogo da biza

Kada agogon da ke kan tikiti ya rikita ki. A bazara Nuuk tana gaban Iqaluit da awa uku, tun bayan da Girinlan ta matsar da agogonta kusa da na Turai a 2023. In kin tashi sha biyun rana za ki sauka wajen biyar na yamma, a dawowa kuma ki tashi sha biyu ki sauka wajen sha ɗaya na safiyar. Ita rana a sama, bambancinta tsakanin garuruwan minti 68 ne kawai, domin kowane digiri minti huɗu ne. Saboda haka azahar a Nuuk za ta zo miki a makare bisa agogo. Ki sa wa manhajar sallarki sabon wurin da zarar kin sauka.

Batun biza ya fi komai buƙatar ki fara shi da wuri. Girinlan tana cikin masarautar Denmak, amma ba ta cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza da aka rubuta a jikinta cewa tana aiki a Girinlan, kuma ta hannun hukumomin Denmak ake nemanta. Bizar Shengen kaɗai ba ta shigar da ke, takardar zama a Kanada ma ba ta ɗauke miki wannan ba. In ta Aislan ko Kopenhagen za ki bi, sai kin haɗa da ta Shengen ɗin. Akwai jirgin bazara daga Newark da aka fara a Yunin 2025, amma Amurka ba ta barin mai fasfo irin naki ya ratsa ba tare da bizarta ba. Shawarata ita ce ki nemi bizar da za ta rufe Girinlan da Shengen gaba ɗaya ko da jirgin kai tsaye kika yanka, domin in an soke na dawowa kuma aiki ya matsa, hanyar Aislan ce za ta rage miki. Ni mai tsara hanyar jirgi ne, don haka ki tabbatar da takardun da ake buƙata daga ofishin da ke ba da bizar.

Kuma don Allah kada ki sa ranar dawowarki ta zama jajibirin komawarki aiki. Jirgin mako-mako in hazo ya hana shi tashi, ba wani ne zai biyo bayansa da yamma ba. Ki bar kwana uku aƙalla tsakani, ki sanar da shugabar sashenku tun kafin ki tafi, ki sa magungunanki da kayan sanyi kala ɗaya a jakar hannu saboda zancen nauyin da na yi miki ɗazu. In an ba ki zaɓi ki nemi kujerar taga, domin in sama ta yi garau za ki ga manyan duwatsun ƙanƙara suna yawo a mashigin Davis. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya.